Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abu ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami: fenti da feshi da ledar mannawa da ake sayar wa asibitoci da sunan suna kashe ƙwayar bairos, ba tare da kowa ya tsaya ya raba mana tsaki da tsakuwa ba.

Da idona na ga yadda abin ke ɓata aiki. An zo ɗakin yara da nake aiki, aka feshe ƙarfen gadaje da mariƙin ƙofa da sandar ƙarin ruwa, aka manna sitika mai cewa wurin yana da kariya ta watanni. Cikin mako guda baiwar Allah da ke mana goge-goge ta rage zagayenta. Da na yi mata magana sai ta nuna mini sitikar, ta ce ai an ce ya riga ya kashe komai. Ban ga laifinta ba, abin da aka rubuta ta karanta. Da gudawa ta shigo ɗakin, daga wannan gado ta bi ta wancan, ina tsaye ina kallo raina yana ƙuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ita ake fakewa da ita. Jan ƙarfe yana aiki. Tun 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a matsayin mai kashe ƙwayoyin cuta. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a Maris 2020 ya nuna ƙwayar korona ba ta wuce awa 4 da rai a kan jan ƙarfe, alhali a kan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa tana kaiwa awa 72. Sinadarin da ke fita daga jikin jan ƙarfen yana fasa rigar ƙwayar, ya lalata abin da take hayayyafa da shi, ko da wurin a bushe yake. Amma da yawa daga kayan da ake kawo mana, a ɗakin gwaji aka auna su, da jiƙaƙƙen samfuri da aka rufe da leda har awa 24. Wane mariƙin ƙofa ne ke zama a jiƙe, a rufe, yini da kwana ba a taɓa shi ba? Hannu goma za su bi ta kansa kafin a gama duba marasa lafiya na safe, ga gumi, ga maiƙo, ga ruwan kulorin da muke goge shi da shi. Ko a Amurka, feshin da aka ba izinin gaggawa a 2020 don jiragen sama, a Yuli 2021 hukumar kare muhallin ta hana sayar da shi. Su suna da mai bin diddigi. Sauran asibitocin duniya fa?

Ranka ya daɗe, rahotonka ne na 2022 ya ce a cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a masu ƙaramin ƙarfi, za su kamu da wata cutar a asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗannan zai rasu. A shekarar, ku da UNICEF kuka ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin tsaftace hannu. Babban taronku ya amince da tsarin daƙile yaɗuwar cututtuka a 2023, sannan shirin aiki na 2024 zuwa 2030. Alkawari ne kuka ɗauka, kuma kowane kuɗi da ya tafi kan feshin da ba a tabbatar ba, daga kason sabulu da ruwa aka yanke shi.

Don Allah, yadda kuke tantance allurar rigakafi da gidan sauro kafin a saya, ku yi wa waɗannan kaya haka. A gwada su a bushe, cikin minti kaɗan, bayan an goge su sau ɗaruruwa, kuma da ƙwayoyi masu taurin kai irin norobairos da rotabairos masu jawo amai da gudawa, ba masu saurin mutuwa kaɗai ba. A tilasta rubuta wa kowane ɗaya a jikinsa cewa ba ya maye gurbin gogewa da wanke hannu. Batun horar da masu goge-goge ma yana nan, da na iska a ɗakunan jinya, amma wannan na wata rana ne.

Na ɓamɓare sitikar nan daga gadajen ɗakinmu da farcena, mun koma gogewa kamar da. Mai tallan zai dawo da sabon kaya, kuma ina son in sami takardar da ke ɗauke da hatimin hukumarka in ajiye masa a kan tebur.

Na gode.
Ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara