Godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na bakin Babbar Kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, da kai da yaran shagonka, ina gaishe ku da aiki. Na riga na yi muku godiya baki da baki, amma raina bai kwanta da ita kaɗai ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma abokan sana'ata da yawa a garin nan suna cikin irin shawarar da ta kawo ni wurinku. Ya kamata su san akwai shagon da ake faɗa wa mutum gaskiya ko da za ta rage wa mai shago ciniki.

Sana'ata ɗaukar bidiyo da montaj. Ɗaurin aure, kamu, suna, walimar saukar Alƙur'ani, duk ina ɗauka, in dawo in zauna gaban kwamfuta in yanka in haɗa. Akwatin da nake aiki da shi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 1600 ta kamfanin AMD ce a ciki, wadda ta fito a 2017, bisa allon B350, wato babban allon ciki da ake dasa sauran kayan a kai, da ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) giga 8 da faifai mai juyawa. Ya yi mini hidima ba kaɗan ba. Amma tun da amare suka fara cewa sai hoton 4K, sai tafiya ta yi nauyi. In ja hoto a layin montaj, ya tsaya cak. Fitar da bidiyon biki guda kan cinye dare. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ta daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar Ryzen zubin farko, sai daga jerin 2000 zuwa sama. Da wannan na shigo shagonku, da kuɗin da na tara a aljihu, ina neman sabon zubi, Ryzen 9000 da AMD ta fitar a 2024.

Kuna da kayan. Na gan su a kan kanta cikin kwalayensu. Da ka ga dama, Malam, sai ka karɓi kuɗin ka ce in dawo gobe, kuma da ba zan taɓa zarginka da komai ba. Maimakon haka ka ce, "Ƙanena, je ka ɗauko akwatin, mu ga abin da ke damunsa tukuna."

Da na kawo, ka sa na buɗe wani aikin da nake kai, ka buɗe shafin da ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauke da shi. A gabana faifai ya haye ɗari bisa ɗari ya ƙi saukowa, ram ta cika maƙil, furosesa kuwa sau da yawa zaman jira take yi, ba a kawo mata aikin ba. Sai a lokacin fitar da bidiyo ne ta nuna gajiyarta. Ka ce ciwon uku ne, kuma biyu daga ciki ba su da wata alaƙa da tsufan zubi.

Sannan ka yi mini lissafin da har yau nake maimaita wa mutane. Wanda zai koma Ryzen 7000 ko 9000 ba furosesa kaɗai zai saya ba. Mazauninsu, wato gurbin da ake dasa furosesa a kan allo, daban ne, AM5, wanda ya fito a 2022, don haka sai an canja babban allo. AM5 kuma ba ya karɓar ram DDR4, sai DDR5. Sayayya uku ke nan a lokaci guda, kuma ram ɗin da ke hannunka ta zama ta ajiya. Ba ka kushe sabon zubin ba, ka ce ya fi sauri, babu gardama. Zen shi ne sunan tsarin ginin cikin Ryzen, kuma ita AMD da kanta ta ce Zen 4 (na Ryzen 7000) ya ɗara Zen 3 (na Ryzen 5000) da kashi 13 cikin ɗari a aikin da yake yi kowane bugun agogon furosesa, Zen 5 (na Ryzen 9000) kuma ya ƙara kashi 16 a kan Zen 4. Amma ka nuna mini cewa ni a Zen na farko nake tsaye, kuma akwai matakala biyu manya da ban hau ba a cikin mazaunin da nake da shi, AM4: Zen 2 da ya ƙara kashi 15, da Zen 3 da ya ƙara kashi 19. Tun a 2022 AMD ta buɗe wa tsofaffin allunan jerin 300 hanyar ɗaukar Ryzen 5000, in an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa. Wato da Ryzen 5 5600 guda ɗaya zan tsallaka zubi biyu, allona yana nan, ram ɗina tana nan, Windows 11 kuma ta karɓe ni.

Aikin da kansa ma abin kallo ne. Yaronka, wannan dogon mai tabarau, da ya buɗe akwatin sai ga ƙurar hunturu ta kwanta a haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar bargo, iska ba ta da ta inda za ta wuce. Ya fita da shi waje ya hure tas, yana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta da ƙarfi. Kafin ya cire ƙarfen sai ya kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, sannan ya kashe, ya riƙa murɗa shi a hankali hagu da dama. Na tambaye shi dalili, ya ce man da ke tsakanin ƙarfen da furosesar in ya bushe yakan manne, in aka fizga sai furosesar ta biyo, ƙafafunta su lanƙwashe, ga su sirara fiye da dubu. Sabunta BIOS kuwa ba ku yarda kun yi shi a kan wutar gari ba. Kun jona akwatin da batirin hasken rana na shagon, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki allo kan iya mutuwa. Duk mai zaune a Maraɗi ya san wannan ba tsoron banza ba ne.

Aka sa 5600, aka ƙara ram, aka sa faifan SSD, irin mai saurin nan da ba ya juyawa. Abin da na kashe bai kai rabin abin da na zo da shi ba. Cikin ragowar ka ba ni shawarar in sayi ondilar, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, da ƙarin fanka guda, ka tuna mini da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ita 5600 wat 65 ce ma'auninta, daidai da tsohuwar, don haka ba ta ƙara mini zafi ko cin wuta ba. Yanzu layin montaj yana bin hannuna, kuma aikin da kan kwana ina kunna shi bayan magariba, kafin in kwanta ya fito.

Kada wani ya ɗauka shagon nan ƙin sabon abu ake yi. Ina zaune wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya shigo, ba shi da komai a hannu, daga tushe zai haɗa. Shi kai tsaye ka ce masa AM5, tun da AMD ta yi alkawarin ci gaba da mazaunin har 2027 ko fiye, zai iya canja furosesa nan gaba ba tare da ya taɓa allo ba. Ka kuma faɗa masa cewa a ɓangaren Intel, kamfanin da ke gogayya da AMD, mazaunin LGA1700 zubi uku ya ɗauka, na 12 da na 13 da na 14, daga nan Core Ultra na 2024 ya zo da nasa mazaunin daban. Haka da na ambaci tsohuwar kwamfutar da muke buga katin gayyata da ita, mai Intel zubi na 4 da ram DDR3, ka ce kada in zuba mata kuɗin furosesa ko dala ɗaya, hanyarta ta zo ƙarshe. SSD ya ishe ta har ranar da za a maye gurbinta. Kowa da amsar da ta dace da kayansa da aljihunsa.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina. Tsohon faifan nan cike yake da bidiyon iyalan mutane, taron mata a cikin gida, amare da ƙawayensu, abin da aka ba ni bisa amana. Da za a kwashe shi zuwa sabon, ka ce in matso kusa in zauna, a yi a kan idona. Babu jakar da aka buɗe, babu yaron da ya leƙa. Da aka gama ka miƙo mini tsohon faifan da tsohuwar furosesar a naɗe cikin takarda, ka ce kayana ne, ko in sayar ko in ajiye. Furosesar da ka sa mini ma ba ka ɓoye cewa ta hannu ce daga Kano ba, ka gwada ta a gabana, ka rubuta mini takardar lamuni da hannunka.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a kasuwarku, Ya raya yaran da kake koya wa wannan aiki a kan irin tarbiyyar da na gani. Allah Ya jiƙan mahaifa.

Naku,
mai ɗaukar bidiyon biki,
unguwar Zariya, Maraɗi.