Kiran Ubangiji ne, ko rashin aiki ne ke kora ni makarantar tauhidi?

Zuwa ga Baba Rabaran,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai da duk masu taya ka wannan shiri. Yaya hidima? Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ka yi haƙuri idan maganata ta zo a hargitse, tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba. Don Allah a sakaya sunana.

Baba, kawuna ne ya ci mini mutunci a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, a gaban 'yan Zumuntar Matasa waɗanda ni ne nake jagorantarsu a nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya ce ni ci-ma-zaune ne, wai duk wanda ya rasa aiki a ƙasar nan sai ya tashi da safe ya ce Allah ya kira shi. Har da jawo aya, wai Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ba zai yi aiki ba kada ya ci. To ai da masu ƙin aiki Bulus yake, ni kuwa aikin ne ya ƙi ni. Kuma mutumin nan dattijon ekklisiya ne, shi ke tashi ya yi addu'a a kan baiko. Haka dattijo ke yi wa ɗan 'yar uwarsa? Ban tanka masa ba, sai dai da muka koma gida na gaya masa abin da ke raina, kuma ban ɗaga murya sosai ba.

Bari in koma baya don ka gane. Mu mutanen wajen Kaltungo ne. Mahaifina ya rasu ina sakandare, mahaifiyata ce ta riƙe mu da noman gyaɗa da masara da adashi na matan zumunta. Na shiga jami'a a 2017, na karanta kimiyyar sinadarai, karatun shekara 4. Amma ka san abin da ya faru, korona da yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, suka cinye kusan duk 2020, aka sake tafiya wani a 2022 daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur muna gida. Ba faɗuwa na yi ba, ban taɓa maimaita aji ba, amma idan kawu yana magana sai ka ɗauka ni na rufe jami'o'in da hannuna. Na tafi bautar ƙasa daidai lokacin da aka cire tallafin man fetur a 2023, muna karɓar alawus na naira 33,000, kuɗin mota kaɗai ya isa ya lashe shi. Waɗanda suka biyo bayanmu su suka tarar da 77,000. Ban yi musu baƙin ciki ba, ina dai nuna maka cewa mu a tsakiya muka faɗo, shi ya sa na dawo Gombe ba ni da ko sisi a ajiye, na sauka gidan kawu.

Na yi koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Albashin naira 25,000, a lokacin da gwamnati ke cewa mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, kuma sai wata ya mutu wani ya yi nisa kafin a biya. Ni ke koyar da sinadarai, ni ke lissafi, har da darasin addinin Kirista aka ɗora mini don an ji ina wa'azi. Kuɗin keke zuwa da dawowa ya kusa rabin abin da nake samu. Wa zai zauna? Kawu ya ce ban shawarce shi ba kafin in bari. To da na shawarce shi me zai canza?

Amma duk wannan ba shi ne asalin rigimar ba. Wani abokin kawu ne ya zo da maganar cewa akwai gurbi a wata hukumar tarayya, idan an ba da naira miliyan ɗaya da rabi takardar kama aiki za ta fito. Kawu ya ce zai ba da wani abu, sauran kuma Mama ta sayar da gonar da mahaifina ya bari. Na ce ba zan yi ba. Ni Kirista ne, cin hanci cin hanci ne ko da wane suna aka sa masa, kuma ko na yarda ma gonar ba tawa ce ni kaɗai ba, ƙannena uku ba za su taɓa yarda ba, na taɓa ɗaya a waya da maganar ya kashe wayar. Ban da haka mun sha jin waɗanda suka biya aka miƙa musu takardar bogi. Saboda bangaskiyata na ƙi, Baba, amma kawu ya juya maganar ta zama girman kai.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai wani a zumuntarmu, tare muka gama, shi ya biya irin wannan kuɗin kuma aikin ya fito. Kowa ya sani. Ya zo ya yi godiya a majami'a, iyalinsa suka fita da rawa, ya ba da shaida wai Ubangiji ya buɗe masa ƙofa, aka yi ta tafi. Ni ina zaune a kan kibod ina kaɗa masa waƙa. Na tambayi kaina, to ni da nake azumi da addu'a, ina tashi sujadar asuba, laifin me na yi? Ko a ƙasar nan sai kana da uwa a gindin murhu sannan addu'arka ke karɓuwa? Ubangiji ya gafarta mini wannan tunani, amma yana zuwa.

Kowa sai ya karanto mini Irmiya 29:11, cewa Allah yana da shiri na alheri domina. Na gaskata. Sai dai na karanta aya ta 10, kuma mutanen da aka aika wa wannan wasiƙa bayi ne a Babila, an ce musu sai shekara 70 ta cika. Da yawansu can suka mutu. Yusufu ma yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Idan irin wannan jiran ne, a gidan wa zan yi shi? A gidan mutumin da matarsa ke ƙirga loma?

Sai maganar kiran. Fastonmu ya kira ni ofis ya ce ya daɗe yana lura da ni, yana ganin ina da baiwar koyarwa, me zai hana in nemi makarantar tauhidi a Jos. Gaskiya tun ina makarantar Lahadi nake jin daɗin tsayawa gaban mutane in buɗe Magana, kuma idan na koyar matasa suna cewa sun amfana. Amma lokacin da nake jami'a ban taɓa tunanin zama fasto ba, burina ɗakin gwaje-gwaje ne ko kamfanin magani. Sai yanzu da ƙofofi suka rufe. Shi ya sa maganar kawu ta huda ni, ko da yake ba shi da ikon faɗarta a bainar jama'a. Ta yaya mutum zai bambance muryar Ruhu Mai Tsarki da muryar yunwa? Na yi azumi a kai, ban ji komai ba, ban yi mafarki ba. Fasto ya ce ba kowa ke jin murya irin ta Sama'ila ba. Kuma wa zai biya kuɗin makarantar ma, ba a yi wannan maganar ba tukuna.

Na manta ban gaya maka ba, akwai wani abokina Musulmi mai haɗa wutar sola a gidaje, ya ce in riƙa binsa in koya, yana samu sosai yanzu da wutar NEPA ta zama abin da ta zama. Na san Bulus ɗinkin tanti ya yi yana wa'azi. Ba raina sana'ar nake ba, amma bayan wahalar da Mama ta sha, a gan ni a kan rufin kwano ina riƙe wa wanda na girma tsani? Me za ta gaya wa matan zumunta? Ban ba shi amsa ba har yanzu.

Akwai kuma yarinyar da muke tare tun jami'a, ma'aikaciyar jinya ce yanzu. Da na faɗa mata maganar Jos sai ta yi shiru, daga baya ta ce ita ba ta shirya zama matar fasto a ƙauye ba, wai ta ga yadda yayarta ke jiran buhun hatsi daga membobi. Tun ranar Lahadin nan ba ta ɗaga wayata sai saƙo, kuma tana wurin lokacin da kawu ya yi maganar, ta ji komai. An ce mini akwai wani ma'aikacin banki da ke zuwa gidansu, babanta kuma yana sakar masa fuska. Na tabbata da kawu bai tozarta ni a gabanta ba da ba a kai nan ba.

To Baba, ka ba ni shawara. Matar kawu ta ce sai na durƙusa na roƙe shi gafara kafin ƙarshen wata, in ba haka ba in nemi wurin zama. Ni da aka zaga, ni zan ba da haƙuri? Ko in kai shi ƙara gaban majalisar dattawa, tunda a harabar majami'a ya yi? Ita kuma yarinyar, idan na ce mata na fasa zuwa Jos ta dawo, zunubi ne, idan ya kasance da gaske kiran ne?

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Gombe.