Ƙananan taraktoci: a duba haɗi da kayan gyara kafin a duba fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana kan ƙananan taraktoci, masu ƙarfin doki 25 zuwa 50, waɗanda 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma ke sha'awar shigowa da su nan jihar Maradi. Duk majalisar da aka tayar da zancen, gardamar ɗaya ce: ja ta fi ko shuɗiya, Mahindra ko Sonalika, ta Indiya ko ta Sin. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abu biyu ke kashe tarakta a ƙasarmu: yadda aka haɗa ta ranar da ta fito daga kwantena, da rashin kayan gyaranta a kusa idan ta tsaya tsakiyar damina.

Sunan da ke jikin tarakta ba ya gaya maka inda aka ƙera ta. Ƙananan Massey Ferguson da ke yawo a kasuwanninmu, wasu kamfanin TAFE ne ya ƙera su a Indiya, wasu Millat a Pakistan, wasu kuma tsofaffin Ingila ne da aka sake wa fenti. John Deere na da masana'anta a Pune ta Indiya. Solis kuwa sunan da Sonalika ke sayar da kayanta a waje ne. Saboda haka mai zuwa neman matatar mai ko famfon ruwa da sunan kamfani kaɗai zai iya dawowa da abin da bai shiga ba. Ƙaramin allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar samfuri, da lambar da aka buga a jikin injin, su ne shaida. A kwafe su a littafi tun ranar saye.

Ana shigo da tarakta a haɗe, ko rabin haɗe, ko a wargaje gaba ɗaya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya hau, shi ya sa rabin haɗe ta fi jan hankalin ɗan kasuwa: an cire tayoyi da sitiyari da salansa da hannayen ɗaga garma, kwantena ɗaya ta ci kusan ninkin abin da za ta ci da a haɗe suke. Lissafin ya yi daidai. Ɓarnar tana farawa ne idan aka sauke kayan a harabar sito aka kira yaran gareji su ɗaure da sifana da bututu.

Tayar baya tana da gaba da baya. Tsinin zanen da ke samanta gaba yake kallo. Idan aka juya ta, laka ta cika zanen, tarakta ta yi ta sulɓi a fadama tana ƙona gazuwal. Daga masana'anta ana cika ta da iska sosai saboda tafiya, sai an rage zuwa wajen bar 1 a ma'aunin iskar taya kafin a shiga yashi, in ba haka ba ta haƙa rami ta zauna. Notocin taya da sifana mai awo ake ɗaure su, a sake bi bayan awa goman farko, domin noti ɗaya da ya saki shi ke faɗaɗa ramukan rim. Takalmin kuloci yana son wasa na santimita biyu zuwa uku kafin ya kama. In babu, faifan ya ƙone cikin damina ɗaya.

Mafi muni shi ne mai. Da yawa daga cikin ƙananan taraktocin nan suna da matatar iska mai kofin baƙin mai a ƙasa, kuma kofin yana iya zuwa a bushe. Duk wanda ya manta ya zuba, ya shiga gonar jigawa da ƙurarta, to yashi yake ɗura wa injin kai tsaye: cikin 'yan makonni ringi ya cinye, hayaƙi ya koma shuɗi, a ce ai kamfanin ne ba shi da kyau. Haka akwatin giya. Man da ke cikinsa shi ne famfon ɗaga garma ke sha, a wasu samfura ma birki a cikinsa yake jiƙe. Idan aka zuba man giya mai kauri irin na babbar mota, famfo ya kasa ja da sanyin safiya, garma ta riƙa tashi da ƙyar, birki ya yi ta ƙara. Juyen man farko a awa 50 ne, tare da matata, domin a fitar da garin ƙarfen sabon inji; bayan nan kowace awa 250. Wanda ya tsallake na farkon ya rage wa injinsa shekaru.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin tarakta da kayan aikinta, wanda ba a gane shi sai an je gona. Sandar baya mai juya injin sussuka ko rotabeta (garma mai juyawa tana farfasa ƙasa), a yawancin na Indiya da Turai haƙora 6 gare ta, kaurinta milimita 35, tana juyi 540 a minti. Wasu na Sin suna zuwa da haƙora 8 da gudun 720. Fil ɗin hannayen garma ma iri biyu ne a wannan aji, milimita 22 da 28. Idan an sayo tarakta a wani wuri, garma a wani, ƙarshenta wajen mai walda ake zuwa a yi dabara, dabarar kuma ita ke karya sandar.

Irin da ya dace da mu ba ɓoyayye ba ne. Injin mai famfon gazuwal na gargajiya, wanda makanike zai kwance ya gyara, ya fi mai kwamfuta; taraktocin Turai na hannu ƙirar baya-bayan nan ba sa jure man duro da jarka, wanda ruwa da ƙura ba sa rabuwa da shi ko da daga matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ya fito da tsabtarsa. A tabbata akwai kofin raba ruwa da mai, da raga a gaban lagireto saboda ƙaiƙayi lokacin sussuka. Mai jan taya huɗu ta Jiratawa ce da bakin gulbi da Madarunfa, inda ƙasa ke da nauyi. A jigawar Mayahi da Tasawa da Agye mai jan biyu ta isa, kuma can garmar faifai mai zurfi ɓarna take yi, tana buɗe ƙasa ga iska. Ƙanƙantar tarakta ma alheri ce a gonakinmu, tunda sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa su girma a gona, ya cika su da gawo da kalgo, babba ba ta iya ratsawa sai an sare. Huɗa makonni kaɗan ce a shekara. Tirela da sussuka da jan ruwa su ke biyan bashin.

Sai maganar kafa masana'antar haɗa tarakta, wadda ke daɗin faɗa a taro. Maƙwabta sun riga mu. Najeriya ta kafa ta kamfanin Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, aikin ya ja baya da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, domin kusan komai daga waje ake kawo shi a akwati. Mali ta kafa tata a Samanko tare da kamfanin Mahindra, Chadi ma ta kafa a Njamena. Wurin da ba ya da mai saye sai gwamnati, ranar da odar gwamnati ta ƙare ma'aikata zaman jira suke yi. Abin da hannunmu zai iya yau shi ne kayan bayan tarakta: tirela, garmar huɗa, injin shuka, tankin ruwa, ƙarfen nauyin gaba, rumfar direba. Cibiyoyin ƙera kayan noma na CDARMA a Dosso da ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram sun daɗe suna ƙera garmar shanu da amalanke, masu walda na Maradi kuma ba baya ba ne. Ɗauko tirela daga Indiya biyan dakon iska ne.

Don haka ina kira ga CAIMA, hukumar samar da kayan noma, da duk mai ba da kwangila da a tsaya kan samfuri biyu ko uku, kada kowane rabo ya zo da sabon suna. A gwada su damina guda a tashar hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna tare da malaman noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kafin a yi oda mai yawa. A rubuta cikin yarjejeniya cewa matatun mai da na iska, da bel, da faifan kuloci, da nozul, da famfon ruwa, da robobin haidirolik za su zo cikin kwantenar farko, tare da littafin lambobin kaya da Faransanci, kuma kamfanin ya horar da makanikai a kowace gunduma. Mai saye da kuɗinsa kuma ya fara tambayar ko ana samun kayan samfurin a Katsina ko Kano. Ta Ɗan Isa da Jibiya kwana ɗaya ko biyu ne. Odar da ta biyo teku sai an yi girbi take isowa.

Na gode.

Wani makaniken injinan noma,
Maradi, Jamhuriyar Nijar