Amsa Ga Mai Zargi Kan Kwabon Tagullar Rum

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaya a bainar jama'a wace hujja gare ni da na ce kwabonka na Sarki Konstantiyus na Biyu ne, ba na mahaifinsa Konstantin Babba ba. Ka ƙara da cewa ina karya darajar kayan mutane ne don in saye da araha. Wannan maganar ta yi mini ciwo. Ban taya kwabonka ba, ba kuma zan taya ba. Hujja kuwa tana jikinsa.

Juya bayansa. Akwai soja yana soke mahayin da dokinsa ya faɗi, kewaye da rubutun FEL TEMP REPARATIO. An fara buga wannan rubutu wajajen shekarar 348, Konstantin kuwa ya rasu a 337. Ta yaya zai zama nasa? A fuska, karanta sunan harafi bayan harafi da gilashin ƙara girma: CONSTANTIVS ne, babu N tsakanin I da V. Harafi ɗaya tak ya raba ɗa da uba, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kansa na ɗauke da kambin lu'ulu'u. Da babu kambi, da sai a yi zancen ɗan'uwansa Gallus, wanda shi ma ake rubuta CONSTANTIVS a kwabonsa. Haruffan ƙasa, ALE, suna nufin a Iskandariya aka buga shi. Faɗinsa milimita 18, wato ajin AE3, mai kamawa daga 17 zuwa 21. An buga irinsa birjik, shi ya sa ba ya tsada. Na san mai kaya na son kayansa su yi daraja, amma son rai ba ya sauya rubutu.

Zancen jabu ban yi shi ba. Gefensa babu layin haɗi, fuskarsa babu ƙananan ramukan zubi, alamun da ake gani a jabun da aka zuba. Na gaske ne.

Abin da ke damuna shi ne ƙyallinsa. An jiƙa shi a lemun tsami, an goge koren rufin da ya kare shi shekaru fiye da 1,600, rabin kaifin haruffan ya tafi da shi. Wasu dillalai na yin haka don ya ɗauki ido. Tataccen ruwa marar gishiri, buroshi mai laushi da tsinken sakace sun isa wajen wanke irin wannan kwabo, ana sauya ruwan har makonni.

Duba kuma koren garin da ke kusa da kunnen sarkin. Idan tsinke ya kankare shi kamar alli, cutar tagulla ce, gishirin ƙasa da laima ke kawo ta. Ware shi yau daga sauran kwabbanka, ka ajiye shi wuri busasshe.

Wassalam.