Wimbledon ta ɗore tun 1877 ne saboda tana gyara kurakuranta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk shekara idan ƙarshen Yuni ya ƙarato aka buɗe gasar tanis ta Wimbledon a birnin Landan, shafukan wasanni na Hausa sukan ba da labarin a layi uku ko huɗu, wane ya doke wane, an ba shi fam kaza, sannan a rufe da cewa gasa ce ta masu riƙo da al'ada, wadda ba ta taɓa sauya komai ba. Wannan maganar ta ƙarshe nake roƙon ku ba ni fili in gyara. Fararen tufafi da koriyar ciyawa ne suke ruɗin mai kallo. Kusan kowace doka da ake bi a gasar nan yau, wata matsala ce ta haife ta.

Ƙungiyar da ke shirya gasar, All England Club, an kafa ta a 1868 domin wani wasa dabam da ake kira kroke, wanda ake buga ƙwallon katako da guduma a kan ciyawa. Tanis baƙo ne da ya shigo daga baya. A 1877 rolar da doki ke ja ana daddale fili da ita ta lalace, ga kuɗin gyara babu, sai aka shirya gasa don a tara. Maza 22 suka biya kuɗin shiga, aka fara ranar 9 ga Yuli. Ruwan sama ya ɗage wasan ƙarshe zuwa 19 ga wata, mutum kusan 200 suka biya sule ɗai-ɗai suka kalla, Spencer Gore ya doke William Marshall 6-1, 6-2, 6-4.

Tsawon fili ƙafa 78 da faɗi ƙafa 27 da aka auna a lokacin, su ne har gobe. Raga ce ta ba da wahala. An ɗaura ta ƙafa 5 a jikin sanduna, ƙafa 3 da inci 3 a tsakiya. Tun da gefe ya yi tsawo, ba mai iya wuce da ƙwallo ta kan layin gefe da ƙarfi, dole sai ta tsakiya. Gore ya gane haka, ya riƙa tsayawa dab da raga yana tare ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba. Da shekara ta zagayo, Frank Hadow, mai gonar kofi a ƙasar da yau ake kira Siri Lanka, ya samo maganinsa: ya riƙa cilla ƙwallo sama ta wuce kan Gore. Aka ci gaba da rage raga kaɗan-kaɗan, har a 1882 ta tsaya a ƙafa 3 da rabi a gefe, ƙafa 3 a tsakiya. Layin sabis ma, wato iyakar inda bugun buɗe maki zai faɗa, an matso da shi daga ƙafa 26 zuwa 21 daga raga, saboda mai bugun farko yana cin maki da sauƙi fiye da kima.

Mata sun shiga a 1884, Maud Watson ta doke 'yar'uwarta Lilian a wasan ƙarshe. Akwai kuma wani tsari da ya kamata duk mai kwatanta gwanayen da da na yanzu ya sani. Har zuwa 1921, wanda ya ci kofi bara ba ya shiga layi. Zama yake yi, sauran su fafata su gaji, wanda ya yi fice ya zo ya kara da shi sau ɗaya tak. William Renshaw ya ci sau shida a jere daga 1881 zuwa 1886 a ƙarƙashin wannan tsari. Bjorn Borg da ya ci sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, da Roger Federer daga 2003 zuwa 2007, kowace shekara sai sun ratsa zagaye bakwai. Adadin ya yi kusa, amma aikin ba ɗaya ba ne. An soke tsarin a 1922, shekarar da aka tashi daga tsohon filin titin Worple, wanda ya yi wa jama'ar da ke tururuwar ganin Suzanne Lenglen ta Faransa kaɗan, aka koma titin Church inda ake har yanzu. A 1927 aka fara rarraba gwanaye a jadawali bisa ƙwazonsu, don kada manyan biyu su haɗu a ranar farko.

Sau uku gasar ta tsaya: 1915 zuwa 1918, 1940 zuwa 1945, da 2020 lokacin korona. A Oktoban 1940 bam ya faɗa kan babban filin ya lalata kujeru 1,200.

Babban kuskuren da aka daɗe ana tafkawa shi ne hana masu wasa don kuɗi shiga. Doka ta ce gasar ta masu wasa don sha'awa ce, ba lada. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: wasu suna karɓar kuɗi a ɓoye da sunan kuɗin mota da masauki, masu gaskiyar da suka sa hannu a kwantiragi a fili kuma a rufe musu ƙofa. Rod Laver na Ostireliya ya ci a 1961 da 1962, ya koma sana'a, sai aka daina ganinsa shekara biyar. Ken Rosewall ya fi shi asara. Daga 1957 zuwa 1967, lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya, bai taka gasar ba, kuma ya yi ritaya bai taɓa ɗaga kofin ba duk da kai wa wasan ƙarshe sau huɗu. Ke nan wanda ake kira zakaran duniya a shekarun nan, sau da yawa ba shi ne ya fi kowa iyawa ba. A Agustan 1967 ƙungiyar ta gayyaci 'yan sana'a takwas suka yi wata 'yar gasa a babban fili, jama'a suka cika wurin maƙil. Hukumar tanis ta Birtaniya ta ƙudura buɗe ƙofa ko da hukumar duniya ba ta yarda ba, daga baya ita ma ta bi. A 1968 Laver ya dawo ya ci, aka ba shi fam 2,000. Billie Jean King da ta ci na mata, fam 750 aka miƙa mata.

A nan kam Wimbledon ta yi nawa, kuma ba na ganin tana da uzuri. Gasar Amurka ta daidaita ladan maza da mata tun 1973. Wimbledon sai da ta ƙara shekara 34, bayan Venus Williams ta fito ta ƙalubalance ta a jaridar The Times a 2006. A 2007 Venus ɗin ce ta ci, ta karɓi fam 700,000 daidai da Federer. A 2025 Jannik Sinner da Iga Swiatek kowannensu ya tafi da fam miliyan 3.

Baƙar fata ma sun daɗe a bakin ƙofa. Althea Gibson ta Amurka ta fara bugawa a 1951, ta ci a 1957 da 1958. Arthur Ashe ya doke Jimmy Connors a 1975 da dabara: ya ƙi ba shi ƙwallo mai ƙarfi da zai mayar, ya riƙa turo masa mai laushi ƙasa-ƙasa a hannun hagunsa. Shi ne dai Ashe ɗin da sojoji suka fitar daga fili da bindiga a Legas a Fabrairun 1976, yana tsakiyar wasa, 'yan kwanaki bayan kisan Janar Murtala. Ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagayen 'yan 16 a 1983, Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a 2022 da 2023. Waɗannan sunaye sun cancanci shiga shafinku duk lokacin da ake maganar gasar.

Yanzu ga ciyawa, wadda ita ce zuciyar lamarin. Gasar Amurka ta bar ciyawa a 1975, ta Ostireliya a 1988, Wimbledon kaɗai ta rage cikin manyan gasa huɗu na tanis a duniya. Amma ciyawar yau ba ta jiya ba ce. Kafin 2001 gauraye ake shukawa, kashi 70 na wani iri mai suna rai da kashi 30 na wani mai laushi. Mai laushin ba ya jure sawu, kafin mako na biyu ya mutu ya bar ramuka, ƙwallo ta riƙa zillewa ƙasa-ƙasa ko ta karkace. Maganin da 'yan wasa suka samo shi ne kada a bari ta taɓa ƙasa: a narka sabis, a ruga raga, a gama a bugu biyu ko uku. A shekarun 1990 'yan kallo suka fara ƙorafin cewa ba wasa, sai sabis. Daga 2001 aka koma shuka rai zalla, wanda ke son busasshiyar ƙasa mai tauri. Ana aske shi zuwa tsawon milimita 8 kullum a lokacin gasa, ana daddalewa, ana auna taurin ƙasa. Ƙasa mai tauri tana ɗaga ƙwallo sama, mai tsayawa a layin baya ya samu ɗan lokacin shiryawa. A 2002 Lleyton Hewitt da David Nalbandian, dukkansu 'yan layin baya, su suka yi wasan ƙarshe.

Duk mai son shaida ya dubi hoton babban fili a ranar ƙarshe. A hotunan shekarun 1980 za ka ga sawu ya ci ciyawa daga layin baya ya miƙe har gaban raga, kamar turbar da awaki suka fitar zuwa rijiya. A na yanzu gaban raga kore shar, layin baya ne kawai ya koma jar ƙasa. Kwanakin farko kuma suna da nasu haɗari, domin ɗanyar ciyawa tana riƙe laima. A 2021 Serena Williams ta zame a zagayen farko ta ji rauni ta fice, a rana ɗaya da Adrian Mannarino ya zame a fili guda yana wasa da Federer.

Ƙwallo ma tana da ƙa'ida. Kamfanin Slazenger ke kawo ta tun 1902. Fara ce har 1985, a 1986 aka koma rawaya saboda farar tana yin kore da ciyawa, mai kallon talabijin ba ya ganin ta. Ana ajiye ta a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, domin zafi yana kumbura iskar cikinta ta ƙara tsalle. Ana sauyawa bayan gem (ƙaramin zango na wasa) bakwai na farko, sannan bayan kowane tara. Bakwai ne a farko saboda da ita aka yi ɗumin jiki.

Sai batun yadda ake gama wasa. A da dole mutum ya ba abokin karawa tazarar gem biyu kafin ya ci set, wato babban zangon da gem-gem ke haɗawa, komai daɗewa. An shigo da raba-gardama, wato gem ɗaya na musamman da ke yanke set, a 1971 idan aka kai gem 8-8, a 1979 aka dawo da ita 6-6, amma aka bar set na ƙarshe babu iyaka. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka kwashe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, set na biyar ya ƙare 70-68. Aka yi ta tafi, ba a gyara ba. Sai 2018 ta nuna ɓarnar a fili: Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya doke Isner 26-24 a wasan kusa da na ƙarshe bayan awa 6 da minti 36. Ɗaya wasan kusa da na ƙarshe, na Novak Djokovic da Rafael Nadal, ya makara, dokar unguwa ta tsayar da shi ƙarfe 11 na dare, aka ƙarasa washegari, hakan ya tura wasan ƙarshe na mata baya, shi kuma Anderson ya shiga nasa a gajiye aka cinye shi set uku a jere. A 2019 aka sa raba-gardama a 12-12, a shekarar kuma ta yanke tsakanin Djokovic da Federer. Tun 2022 manyan gasa huɗu sun daidaita: idan set na ƙarshe ya kai 6-6, wanda ya fara kai maki 10 da tazarar biyu ya ci.

Ruwan sama da ya ɓata wasan 1877 sai a 2009 aka yi wa babban fili rufi mai zugewa, wanda ke bi masa, mai suna Fili na Ɗaya, kuma a 2019. Rufewa tana cin kusan minti 10, amma sai an ƙara jira na'urori su janye laima, in ba haka ba ciyawa ta yi gumi ta zama santsi. Lahadin tsakiyar gasa da ake hutawa don ciyawa ta farfaɗo, ruwa ya tilasta yin wasa a cikinta a 1991, 1997, 2004 da 2016, daga 2022 aka mai da ita ranar wasa dindindin. Ko fararen tufafin da ake ta ambato, sai a 1963 aka rubuta su a doka, aka tsananta a 2014 har aka ƙayyade ratsin launi kada ya wuce santimita ɗaya, a 2023 kuma aka sassauta wa mata su sa gajeren wando mai duhu a ciki saboda jinin al'ada.

A 2025 aka sallami alƙalan layi baki ɗaya, na'ura ta karɓi aikin. Ba a gama makon farko da kyau ba aka ga gurbinsu: a wasan Anastasia Pavlyuchenkova da Sonay Kartal an kashe na'urar bisa kuskure, ƙwallo ta fita a sarari ba a kira ba, alƙali ya sa aka sake makin. Ni a ganina kamata ya yi a ba alƙalin kujera damar duba bidiyo nan take a irin wannan hali.

Rigimar da ke gaba ta fili ce. Wasannin share fage ana yin su ne a Roehampton, ba a harabar gasar ba, ƙungiyar kuma tana son gina sababbin filaye 39 a tsohon filin golf da ke tsallaken titi, maƙwabta sun kai ƙara kotu. Ina roƙon ku bibiyi wannan labari, kuma idan za ku buga sakamako irin 7-6, ku ƙara layi ɗaya da ke bayyana wa mai karatu cewa raba-gardama aka yi.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar wasan tanis, daga Kano.