A ware wa bas da faba-faba layi, a bar maganar mutum uku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan gidan rediyonku, na saurari muhawarar da kuka yi kan ko ya dace a ware layi guda a manyan titunan Yamai domin bas-bas da motocin da suka ɗauko mutum uku zuwa sama. Wani bawan Allah ya bugo waya yana cewa titi na kowa ne, shi ma yana biyan biniyat, wato harajin mota, don haka ba wanda zai hana shi bin gefen da ya ga dama. Maganarsa ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamar makaranta ce. Ina zaune a Talaje, ina koyarwa a Harobanda, hayin kogi. Kullum ƙarfe shida da rabi ina bakin titi. Faba-faba, wato ƙaramar bas ta haya, nake shiga zuwa Babbar Kasuwa, daga nan in nemi taksi, in direba ya ji gada za a ƙetare sai ya ce kuɗin mutum biyu ko ya ja motarsa. Wata safiya cikin Afrilu, ana zafin nan mai sa kujera ta ƙona mutum tun da hantsi, na ƙidaya mu a cikin faba-faba: mu goma sha tara, ban da yaron mota da ke maƙale a ƙofa. Kusa da ni wata tsohuwa ta rungume kwanon zogale za ta kai kasuwa, ganyen ya fara laushi a idonta. A bayana ƴan makaranta uku sai tambayar lokaci suke. Ta taga kuwa wata ƙatuwar mota ce, tsawonta ya kusa na tamu, mutum ɗaya tak a ciki. Muka yi kusan rabin awa muna jan ciki tare. Ba na jin haushinsa, halalinsa ne ya saya. Amma filin titin da ya ci shi kaɗai, shi muka raba mu ashirin. To in titi na kowa ne, ai da kawunan mutane ya kamata a yi lissafi, ba da yawan ƙarfe ba.

Kuma abin ba sabo ba ne a duniya. Birnin Kuritiba na Brazil ya fara ware wa bas layi tun 1974. Legas ta buɗe layin bas nata a 2008, daga Mil 12 zuwa CMS, ta gina ɗan shingen kankare tsakaninsa da sauran motoci. Dakar ta fara nata a 2024 da bas-bas masu aiki da lantarki, kimanin kilomita 18 daga Gejawai zuwa tsakiyar gari. Legas da Dakar maƙwabtanmu ne, masu irin taksinmu da irin ƴan teburinmu.

Ɗan shingen nan na Legas shi ne abin lura. Idan fenti kawai za a shafa a kan gudron, gara a bar kuɗin a aljihu. Iskar hunturu ɗaya za ta rufe shi da rairayi, kabu-kabu ya shiga, amalanken jaki ya bi, mai sayar da kankana ya kafa teburinsa. Sannan a san inda za a yi. Gadar Kennedy, wadda aka gina tun 1970, layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa; me za a ware a cikinta? Amma gada ta biyu da aka buɗe a 2011 tana da faɗi, haka titin da aka gyara daga filin jirgi zuwa cikin gari lokacin taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019, da wasu sassan titin Mali Bero. A fara da guda ɗaya, a ga yadda zai kasance.

Inda na rabu da baƙin da kuka gayyata shi ne batun mutum uku a mota. Wannan dabara ce ta ƙasashe irin Amurka, inda kusan kowane gida da motarsa, ana roƙon mutane su haɗu su shiga ɗaya. Mu nan tun fil'azal a haɗe muke. Taksin Yamai mutum huɗu yake ɗauka, kowa da inda za shi. Idan aka ce duk mai mutum uku ya shiga, taksi duka sun shiga ke nan, layin ya cika, bas ya koma gidan jiya. Mai hali kuma da direbansa da yaron gidansa sun cika uku ba tare da an rage mota ko ɗaya ba. Jakarta ta ƙasar Indunusiya ta gwada wannan doka shekaru da dama. Sai ga talakawa sun jeru bakin titi ana ɗaukarsu haya don a cika adadi, har da mata masu goyo, domin jariri ma mutum guda ake lissafa shi. A 2016 aka soke ta. Da irin rashin aikin yi da ke damun samarinmu, ina tsoron mako ɗaya ya isa mu ga haka a nan. Ga shi kuma za a ɗora wa ɗan sanda aikin leƙa gilashi yana ƙidaya kawuna, kowa ya san ƙofar da wannan ke buɗewa.

Layin ya zama na bas da faba-faba, sai motar asibiti da ta ƴan kwana-kwana. Kada a ce ban da motar wane da wane, domin ranar da aka ga babba ya shiga, washegari kowa ya shiga. Faba-faba kuwa dole a sa da su, tunda su ne ke ɗauke da unguwannin bayan gari yau. Manyan bas-bas ba su da yawan da za a bar musu layi shi kaɗai, kuma layin da ya zauna fayau mutane na gasuwa a gefensa ba zai yi wata uku ba. Su ma direbobin a ɗaure su da sharaɗi: tsayawa a tasha kawai, ba duk inda aka ɗaga hannu ba, a gyara birki da ƙofofi. A kuma yi mana rumfa a tashoshin, don Allah. Mai ciki da tsoho ba za su iya tsayuwa a ranar Yamai ba.

Malam Edita, a shirin naku na ji injiniya, na ji masu motoci, ban ji ko direban faba-faba ɗaya ba, balle fasinja. Ina roƙo ku sake zama, ku gayyato sandikan direbobi da matan da ke kai kaya kasuwar Katako da asuba. In kuma kuna so, ku aiko wakilinku Talaje ranar Litinin ƙarfe shida da rabi, da agogo a hannunsa, mu shiga mota tare har Harobanda.

Taku mai sauraro,
Wata malamar makaranta,
Talaje, Yamai