Wasiƙa daga Kano: ni da ɗalibaina da agogo

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya kankama, kowa leɓe a tsage.

Ka tambayi labarin ajin yamma. Yana nan, har ya ƙaru. Yawancinsu ma'aikatan jinya ne da masu neman digiri na biyu a waje, duk IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci, ce a gabansu. Turanci kam a bakinsu yake, wasu ma sun fi ni lafazi. Agogo ne ke kayar da su.

Dubi takardar rubutu: minti 60, aiki biyu. Na farko aƙalla kalma 150, na biyu 250, kuma makin na biyun ninkin na farko ne. Amma sai mutum ya duƙufa yana ƙawata bayanin jadawali har rabin lokaci ya wuce, sannan ya afka wa muƙalar a gurguje. Ga shi hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, tana neman maki 7 cikin 9 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, rabin maki sai ya sa ka sake biyan kuɗin jarrabawa. Yanzu da na biyun nake sa su fara, kuma minti biyar na farko ba a rubuta jimla ko ɗaya, sai tsara hujjoji. A takardar karatu ma haka: tambaya 40, kowace maki ɗaya, wadda ta ƙi a wuce ta.

Inda aka yi daru shi ne ranar da na zana musu tsarin nan da ake jingina wa Eisenhower, tsohon shugaban Amurka: gida huɗu, ana raba abin gaggawa da abu mai muhimmanci. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta'aziyya a wane gida za a sa ta? Bikin ƙanwar miji fa?" Aji ya kaure. Darussan da ake kawo mana daga waje sun ɗauka lokacin mutum nasa ne shi kaɗai, ziyara kuwa ɓata lokaci ce. Ban yarda ba. Matar da ta ƙi zuwa gaisuwar mutuwa saboda karatu, ko ta ci 8 sai ta yi shekara tana ba da haƙuri. Na bar su suka yi ta musu da Turanci har aka kira magariba, kuma ban taɓa jin sun yi magana mai daɗi kamar ranar ba.

A ƙarshe kowa ya tsara makonsa bisa lokutan salla. Yawanci bayan asuba suka ware wa rubutu, kafin yara su tashi, kafin waya ta fara ƙara. Zumunci aka bar masa Asabar da yamma, ban da rasuwa, ita ba ta sallama. Muna kuma gwada yadda ake neman uzuri wurin shugaba cikin ladabi, don da yawansu ba su iya cewa a'a ba ko da Hausa.

Kai da ke can, ma'aikatan jinyarmu da suka iso, yaya suke fama da aikin dare? Rubuto mini, zan karanta wa ajin. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ko waya ka daina yi.

Naka,
abokinka na Kano